Fom ya riga waya zuwa Maska

Jama'a, ana ta musu kan manhajojin rubuta bayanai da tsara ayyuka: su zo da samfurin shafi shiryayye, ko su bar mutum da farar takarda? Notion na da tarin samfura, Google Keep kuwa shafi fanko yake buɗe maka. To, wannan musu ya girmi waya nesa ba kusa ba.

A zamanin Daular Sakkwato wasiƙar sarauta tana da tsarinta. A fara da Bisimilla, a buga hatimi, a ce daga wane zuwa wane, a yi gaisuwa, sai "bayan haka", sannan maganar da ta kawo wasiƙar, a rufe da "haza wassalam". Magatakarda ba ya ɓata lokaci yana tunanin ta ina zai fara, mai karɓa kuma ya san inda zai kai idonsa. Amma ku lura, tsakiyar wasiƙar a buɗe take, ka faɗi abin da ke tafe da kai.

Bayan 1903 Turawa suka zo da nasu salon, takarda mai layi da gurabe. Malaman haraji na En'e su rubuta sunan baligi, na jangali su rubuta yawan shanu. A ƙasar Sarkin Maska, inda auduga ta jawo injin gurza da jirgin ƙasa zuwa Funtua, buhu da nauyinsa sun sami gurbi. Aikin matar da ta yini tana tsinkar audugar fa? Takardar haraji ba ta tambaya ba. Abin da ba a yi wa gurbi ba, a idon hukuma kamar babu shi.

A 1975 aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da rancen Bankin Duniya, tare da na Gusau da Gombe. Aka shiga rijistar manoma da rabon taki, daga baya masu bincike suka yi ta sukar cewa manyan manoma ne suka fi cin moriya. Darasin dai ɗaya ne: wanda ya fi dacewa da tsarin takarda shi ake fara gani.

Mu da ke aikin gwamnati mun san daɗin fom. Sabon ma'aikaci ba ya rubuta minit ɗin taro da ka, tsohon fayil yake jawowa ya kwaikwaya. Haka sakataren ƙungiyar manoma a Malumfashi, in ka ba shi shafi fanko, wallahi littafinsa zai koma.

Don haka ni ina ganin a sa samfura, amma kaɗan, masu sauƙin gogewa da gyarawa. Wanda ya tsara manhaja a Amurka bai san gandu da gayauna ba, bai san zubin adashi ko bashin taki da ake biya da kaka ba. In fom ɗinsa ya ƙi karɓar waɗannan, mun koma takardar haraji ke nan. A ba mu irin wasiƙar magabata: farko da ƙarshe a shirye, tsakiya tamu.

Ku da ke riƙe da lissafin ƙungiya, wane gurbi kuke nema ku rasa?