Daga Jan Harafin L zuwa Lasisi Mai Matakai

Lokacin da mota ta fara yawa a Birtaniya, lasisin tuƙi ba shaidar iyawa ba ne. Dokar 1903 ta ce mutum ya biya sule biyar ya karɓi takardarsa, babu mai tambayarsa ko ya san inda birki yake. A haka aka shafe shekara talatin, har a 1934 mutum 7,343 suka mutu a hanyoyin ƙasar, alhali motocin ba su kai miliyan uku ba. A zamanin ministan sufuri Leslie Hore-Belisha, jarrabawar tuƙi ta zama dole daga Yunin 1935, aka kuma wajabta wa ɗan koyo manna jan harafin L, wanda har yau ake gani a motocin koyo a Kano da Akara. Tunanin da ke bayan wannan doka mai sauƙi ne: rashin iyawa ke kawo haɗari, saboda haka a gwada mutum rana ɗaya, in ya ci a sakar masa hanya. An daɗe kafin a gane cewa watannin farko bayan cin jarrabawar su ne mafi hatsari a rayuwar direba, domin ranar da ya cire L ita ce ranar da malaminsa ya sauka daga motar.

Ƙoƙarin farko na toshe wannan giɓi ya karkata ne ga gudu da horo. Jihar New South Wales ta Ostireliya ta fito da lasisin wucin gadi mai harafin P a 1966, Ireland ta Arewa kuma ta sa sabon direba ya yi shekara guda da harafin R, ba ya wuce mil 45 a awa. Jamus ta Yamma ta kawo shekara biyu na gwaji a 1986, Birtaniya kuma tun 1997 take ƙwace lasisin wanda ya tara maki shida na laifi cikin shekara biyun farko. Waɗannan matakai suna da amfaninsu, amma horo sai an yi laifi yake zuwa, kuma sau da yawa laifin farko na sabon direba shi ne na ƙarshe.

Sauyin gaske ya fito daga tambayar da Patricia Waller, mai bincike a Jami'ar North Carolina ta Amurka, ta yi a shekarun 1970: a wane lokaci, kuma da su wa a cikin mota, matasa suke yin haɗari? Bayanan haɗurra sun nuna abu biyu, dare da abokai. Saurayin da ke tuƙi a natse da rana, da mahaifiyarsa a gefe, shi ne wanda zai taka mota da tsakar dare idan sa'o'insa uku na baya suna zuga shi. Hannunsa a kan sitiyari bai canza ba, abin da bai samu ba tukuna shi ne hangen haɗari kafin ya iso, wanda ba ya samuwa sai da doguwar gogewa. Shawararta ita ce a bar shi ya tara gogewar a inda kuskure ba ya kisa, a riƙa buɗe masa sauran a hankali. Amurka ba ta yi saurin karɓa ba. Niyu Zilan ce ta fara aiwatar da cikakken tsarin a Agustan 1987, da mataki uku: koyo tare da mai lura, sai lasisi mai sharaɗi wanda ya hana tuƙi daga ƙarfe 10 na dare zuwa 5 na asuba da ɗaukar fasinja in babu mai lura, sannan cikakken lasisi. Lardin Ontario na Kanada ya bi sahu a 1994, jihar Florida a 1996, daga nan ya bazu a jihohin Amurka. Jihar Victoria ta Ostireliya ma ta ƙara da cewa matashi ya cika awa 120 yana tuƙi da mai lura kafin ya zauna jarrabawa.

Masu suka suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa an haɗa mai hankali da marar hankali an yi musu kuɗin goro, kuma ɗan karkara da ke aikin dare, inda babu motar haya, shi ya fi ji a jika. Gaskiya ne, shi ya sa jihohin Amurka da dama suka keɓe zuwa aiki daga dokar dare. Amma batun kuɗin goro yana da rauni, domin babu jarrabawar da ke iya tantance wane sabon direba ne zai yi haɗari, kuma natsattsen ma bai tsira daga ƙarancin gogewa ba. Sharaɗin na watanni ne, wanda ya mutu a kujerar baya kuwa ba a nemi yardarsa ba. Akwai kuma masu cewa ɗan sanda ba zai gane shekarun direba cikin duhu ba. A aikace iyaye ne ke riƙe da mukulli, kuma doka ta ba su abin kafa hujja idan yaro ya nemi fita da dare.

Suka mafi nauyi ta fito daga masu binciken kansu. Wani nazari da Scott Masten da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a 2011 ya gano cewa a jihohi masu tsauraran sharuɗɗa, haɗurran da ake rasa rai sun ragu sosai tsakanin 'yan shekara 16, amma sun ƙaru tsakanin 'yan 18. Wasu sun ce ashe ɗage mutuwar kawai aka yi. A ganina laifin na yadda aka rubuta dokar ne: yawancin jihohin sun ɗaura sharuɗɗan a kan shekarun haihuwa, suna faɗuwa da an cika 18, don haka mai haƙuri zai jira ya karɓi cikakken lasisi ba tare da ya bi mataki ko ɗaya ba. Ontario tun farko ta ɗora nata a kan kowane sabon direba, ko ɗan 16 ne ko ɗan 40. Niyu Zilan, wadda ta fara da 'yan 15 zuwa 24 kawai, ta faɗaɗa nata ga kowa a 1999, sannan a 2011 ta ɗaga shekarun fara koyo daga 15 zuwa 16.