Kalmar "Issue" da Gonakin Bakalori

Mu malaman makaranta mun saba gaya wa ɗalibai cewa "issue" na nufin "ba da". Ba ƙarya muke yi ba, sai dai fassarar ta gaza. Asalin kalmar Latin ne, ta biyo ta tsohon Faransanci, ma'anarta kuwa fita. Shi ya sa ake kiran kowace fitowa ta mujalla irin wannan da ita. A bakin hukuma kuwa, tana nufin abu ya fito daga ofis da hatimi da lamba, an kuma shigar da shi littafi. Haka aka riƙa bayar da rasidin haraji zamanin En'e, haka ake bayar da lasin da fasfo da kakin ɗan sanda. Shi ɗan sanda ya san kakin ba nasa ba ne; ranar da aka sallame shi sito zai mayar.

To, Bahaushe idan ya ji "an ba ka", ya ɗauka magana ta ƙare. A kan gona ne wannan saɓani ya fi ciwo. Tun 1910 Turawa suka yi dokar da ta sa ƙasar Arewa a hannun Gwamna. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta shimfiɗa irinta a duk Nijeriya: hukuma ke fitar da takardar izinin zama, ita ke da ikon soke ta in bukatar jama'a ta taso. Wato a ido na doka manomi mai riƙo ne, alhali shi ya san gadon kakansa yake nomawa.

Mutanen Bakura da Talata Mafara da Maradun ba a littafi suka karanta wannan ba. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina dam ɗin Bakalori a kan Kogin Sakkwato. Ruwa ya ci garuruwa da gonaki. A filin noman rani kuma aka sare itatuwa, aka baje ƙasa, iyakokin da kowa ya sani suka ɓace, sannan aka sake yanka filaye aka rarraba. Takardun ofis sun ce an bayar. Wa ke ba mutum abin da yake nasa? Ga damina ta wuce wasu ba shuka, ga rigimar diyya. Manoma suka tare hanyoyin aikin, har a watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu. Gwamnati ta faɗi adadin mamata kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne.

Saboda haka muke jan kunnen 'yan'uwa marubuta, musamman masu fassara sanarwar gwamnati. Idan kuka rubuta "an ba manoma filaye", kun goyi bayan ofis ba ku sani ba, domin a kunnen mai karatu kyauta aka yi. Hausa ba ta rasa kalmomi ba: akwai fitar, akwai raba, akwai damƙa, akwai mayar, kowace da nata hukunci. Mu dai a aji yanzu mukan ce hukuma ta fitar da takarda, filin kuwa mu ce an mayar wa mai shi, in har an mayar ɗin.