Daga shinkafar Kuala Lumpur zuwa sinadaran ƙwaƙwalwa

Wataƙila kun taɓa jin ana cewa wane ya samu taɓin hankali ne saboda sinadaran ƙwaƙwalwarsa sun rikice. To wannan magana tana da tarihi, kuma wani ɓangare na tarihin daga tukunyar shinkafa ya faro, a birnin Kuala Lumpur na ƙasar Malesiya, shekaru sama da 100 da suka wuce.

A shekarar 1905 Kuala Lumpur na ƙarƙashin Turawan Ingila, gari ne na masu haƙar kuza da 'yan ƙwadago daga Sin da Indiya. A wannan shekarar cutar beriberi ta ɓarke a asibitin masu taɓin hankali na garin. Kafin wani ya ɗauko wasa da abokan wasansa, cutar ba ta da wata alaƙa da Barebari, suna ne kawai ya zo kusa. Cuta ce da ke kashe ƙafafu, ta kumbura jiki, ta raunana zuciya har ta tsaya. Daga cikin majinyata 219 da suka kwanta a asibitin a wannan shekara, 94 suka kamu, 27 suka rasu.

A lokacin akwai wani likita a jihar Negeri Sembilan mai maƙwabtaka, Leonard Braddon, wanda ya dage cewa laifin shinkafa ne. Ya lura cewa Sinawa masu cin farar shinkafar inji su cutar ke ɗauka, amma Indiyawa 'yan ƙabilar Tamil, masu turara shinkafa da ƙaiƙayinta kafin a casa, da wuya ta taɓa su. Wannan turarawa kun san ta, ita ce dai wadda mata ke yi wa shanshera a Kura da sauran garuruwan noman shinkafa. Braddon ya ɗauka wata guba ce ke cikin farar shinkafar.

Likitan da ke kula da asibitin, William Fletcher, bai yarda da wannan magana ba sam, kuma ya shirya gwaji ne da niyyar ƙaryata ta. A watan Disamba na 1905 ya sa aka jera majinyatan aka ƙirga su. Na 1 da na 3 da na 5 da sauransu aka kai su ɗaki guda, suka ci gaba da cin farar shinkafar Siyam, wato Tailan ta yau. Na 2 da na 4 da na 6 aka kai su ɗaya ɗakin, ana ba su turararriya. Sauran abinci duk iri ɗaya. A tsakiyar 1906 ma ya musanya musu ɗakunan, ko da cutar a jikin ginin take.

Sakamakon da ya buga a mujallar Lancet a 1907 shi kansa ya ba shi mamaki. Cikin mutum 120 masu cin farar shinkafa, 34 suka kamu, 18 suka mutu. Cikin 123 masu cin turararriya kuwa biyu kacal aka samu da cutar, su ma da ita suka shigo, kuma ba wanda ya mutu. Marasa lafiya goma da aka mayar kan turararriya duk sun warke.

A yau masana na ambaton wannan aiki cikin gwaje-gwajen farko da aka raba mutane gida biyu ba tare da zaɓe ba. To sai dai akwai abin da bai kamata a tsallake ba. Babu wanda ya nemi yardar waɗannan bayin Allah, kuma an ci gaba da ba su farar shinkafar har bayan da alamu suka fara bayyana. Mutum 18 ba ƙaramin farashi ba ne, kuma babu kwamitin da'a na wani asibiti da zai amince da irin wannan gwaji yanzu.

Kazalika dole mu fayyace abu guda: ba shinkafar ce ta kawo su asibitin ba, kuma Fletcher ƙafafu da zuciya yake dubawa, ba hankali ba. To ina ƙwaƙwalwa ta shigo? Sai mu bi sawun a hankali.

A Cibiyar Binciken Likitanci ta Kuala Lumpur, wadda aka kafa a 1900 kuma har yanzu tana aiki, Henry Fraser da Thomas Stanton suka ɗora daga inda Fletcher ya tsaya. Sun yi gwaji da 'yan ƙwadagon hanya, sannan da kaji, suka nuna cewa ba guba ke cikin farar shinkafa ba, wani abu ne inji ke kankarewa ya tafi da dusa. Idan aka turara shanshera, abin na shigewa cikin ƙwayar, shi ya sa casa ba ta raba ta da shi. A 1912 Casimir Funk ya ƙirƙiro kalmar da ta zama bitamin, a 1926 aka tace sinadarin a tsibirin Java, a 1936 kuma aka haɗa shi a ɗakin gwaji. Shi ne bitamin B1, ko tayamin.

Daga nan sai jami'ar Oxford. A shekarun 1930 Rudolph Peters yana ciyar da tattabaru farar shinkafa, sai wuyansu ya sanƙare ya karkata baya, su kasa tsayuwa. Da an yi musu allurar tayamin, cikin ɗan lokaci sai su miƙe kamar ba su ba. Ya duba ƙwaƙwalwarsu da madubin ƙara girma bai ga rauni ba. Amma da ya sa guntun ƙwaƙwalwar a kwalba ya auna, sai ya tarar ba ta iya ƙona sukari yadda ya kamata, da ya ɗiga tayamin kuma ta koma aiki. Ya kira wannan rauni na sinadari, wato rauni da ido ba ya gani. Dalili shi ne ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na makamashinsa, kuma ba ta iya sarrafa sukari sai da tayamin. Abin da jiki ke ajiyewa kuwa na makonni biyu zuwa uku ne kawai.

Yaƙin duniya na biyu ya tabbatar da haka a kan 'yan Adam. Bayan da Japan ta kama Singapo a watan Fabrairun 1942, an tsare dubban sojojin Birtaniya da Ostareliya a sansanin Changi, abincinsu farar shinkafa. Cikin 'yan makonni wasu suka fara amai, idanunsu na rawa, suna mantuwa, hankalinsu na gushewa. Likitoci biyu da ke tsare tare da su, Hugh de Wardener da Bernard Lennox, sun rubuta bayanin mutum 52, suka buga a 1947. Cutar ita ce wadda Bajamushe Carl Wernicke ya siffanta tun 1881 ba tare da sanin sababinta ba, kuma waɗanda suka samu allurar tayamin da wuri sun farfaɗo. Har yau ana ganinta a jikin mashaya giya, da mata masu juna biyu da laulayi ya hana su riƙe komai a ciki na tsawon makonni. Idan irin wannan mace ta fara ruɗewa ko ganin abu bibbiyu, maganar asibiti ce ta gaggawa.

A wannan sansani na Changi akwai wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ostareliya, John Cade, wanda ya koma gida da yaƙinin cewa wasu cututtukan hankali daga jiki suke. Yana neman wata guba a fitsarin majinyata, yana gwadawa a kan ɓerayen Masar, sai ya ci karo da gishirin litiyom. A 1949 ya ba da rahoton mutum goma masu ciwon nan da ke hana barci ya sa zumuɗi da surutu ba iyaka, waɗanda suka natsu da shan sa. Gubar da yake nema bai same ta ba, majinyacinsa na farko ma daga baya yawan litiyom ɗin ne ya kashe shi, amma maganin ya zauna, ana ba da shi tare da awon jini. A 1952 kuma Jean Delay da Pierre Deniker a birnin Paris suka gwada kuloforomazin, wanda daga baya aka gano yana toshe hanyar sinadarin dofamin.

A nan ne, a ganina, aka yi gaggawa. Tunda rashin tayamin na gusar da hankali, kuma magani na taɓa dofamin ko serotonin, sai aka ce ke nan ciwon baƙin ciki mai tsanani ƙarancin serotonin ne. An fara wannan hasashe a shekarun 1960, ya bazu ko'ina bayan fitowar maganin Prozac a ƙarshen 1987. Amma ruwa na kashe gobara, ba kuwa rashin ruwa ne ya kunna ta ba. A maganar tayamin an cire abu ciwo ya zo, an mayar da shi ciwo ya tafi, an kuma auna shi a ƙwaƙwalwa. Serotonin bai cika waɗannan sharuɗɗa ba. A 2022 Joanna Moncrieff da abokan aikinta a London suka tattara binciken shekaru masu yawa, suka ce babu tsayayyiyar hujjar cewa ƙarancinsa ne ke haddasa ciwon. Wasu masana sun soki hanyar da suka bi, amma ko su ba su ce sinadari ɗaya ne ke da laifi ba.

Wannan ba ya nufin magungunan ba sa aiki. Wani nazari da Lancet ta buga a 2018, na gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, ya nuna dukkansu sun fi ƙwayar da ba komai a cikinta, ko da yake tazarar ba ta da yawa. Saboda haka mai sauraro, in likita a Dawanau ko Kware ko wani asibiti ya ɗora ka ko ɗan'uwanka a kan magani, kada a yanke shi rana ɗaya, domin hakan na iya dawo da ciwon ko ya kawo wata wahalar. Abin da likitoci ke cewa a yau shi ne gado, da wahalar ƙuruciya, da talauci, da tashin hankali, da ƙwayoyin maye, da cututtukan jiki, duk suna haɗuwa su canza yadda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo, shi ya sa ake haɗa magani da tattaunawa da kuma kulawar dangi.