Daga Basillar Baduku Zuwa Waya Mai Magana

A Agadas ba mu buƙatar a gaya mana mene ne basilla. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin dukawa masu ɗinkin sirdin raƙumi ya san kaifinta. To, da ita tarihin karatun makafi na zamani ya fara. A 1812, a ƙauyen Coupvray na ƙasar Faransa, wani yaro ɗan shekara 3 yana wasa a shagon babansa, baduku mai kayan doki, sai ya soke idonsa. Ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance gaba ɗaya. Sunansa Louis Braille.

A 1819 aka kai shi lakwal ɗin yara makafi ta Paris. Littattafan wurin haruffan boko ne manya-manya da aka kumbura a takarda, masu nauyi, ga wuyar bi da yatsa, kuma ɗalibi ba ya iya rubuta nasa. Masu ido ne suka ƙirƙiro su, da tunanin masu ido. Wani tsohon soja, Charles Barbier, ya kawo tsarin ɗigo 12, amma ya yi wa kan yatsa girma. Louis ya rage shi zuwa ɗigo 6, masu ba da alamomi 63. Yana ɗan shekara 15 ya yi wannan, a 1824, aka buga tsarin a 1829. Mu da muka saba ganin Tifinag, mai haruffan ɗigo ɗaya, biyu, uku, huɗu, abin bai kamata ya ba mu mamaki ba. Kuma da allon Braille daga dama zuwa hagu ake huda takarda, kamar ajami, sannan a juya ta a karanta.

Kun san abin haushi? Wani shugaban lakwal ɗin ya taɓa hana rubutun, yara suka ci gaba da koya wa juna a ɓoye. Sai a 1854 aka amince da shi a hukumance, shekara 2 bayan rasuwar Louis.

A ƙasar Hausa, makaho mai ilimi ba baƙo ba ne. Tun kafin zuwan Nasara akwai makafi mahaddata Alƙur'ani, kunne ne allonsu, kuma garuruwa da dama suna da Sarkin Makafi. Abin da boko ya zo da shi shi ne jarrabawa da bik da kaye, nan aka bar su a ƙofa. A Najeriya sai a 1953 mishan suka buɗe makarantar yara makafi a Gindiri. A Nijar akwai lakwal ɗin Soly Abdourahamane a Yamai. Amma ku lissafa: daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 950 ne. Uwa nawa za ta saka ɗanta makaho ɗan shekara 7 a mota ya yi wannan tafiya?

Da kwamfuta ta zo, labarin ya maimaita kansa. Manhajar JAWS, mai karanta abin da ke kan allon kwamfuta da murya, wani makaho Ba'amurke, Ted Henter, shi ya jagoranci ƙirƙiro ta. Sai dai tana da tsada. A 2006 Michael Curran, makaho ɗan Ostareliya, ya fara NVDA, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya kama masa, suka bar ta kyauta ga duniya. A 2009 VoiceOver ya shiga iPhone, TalkBack ya shiga Android. Wato wayar da ke aljihunka yanzu haka tana iya karanta wa makaho darasi, in an kunna mata.

Abin da na tsinta cikin wannan tarihi shi ne: kayan da suka amfani makafi da gaske, galibi makafin ne suka ƙera su, masu ido kuma suka yi ta jan ƙafa. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2008, wadda ta ambaci Braille ƙarara a batun ilimi. Takarda dai ta yi nata. Saura mu.

Don wallahi jan ƙafar yau a hannunmu take. Mushe ya cika allo da rubutu bai furta ba. Mu ɗauki hoton darasi mu tura a WhatsApp, alhali hoton rubutun hannu wahala yake ba manhajar. Muryar wayar ta fi ƙwarewa a Faransanci da Larabci. Ba ta Hausa ko Tamajak ka ji yadda take tuntuɓe. Kai, wannan ɗan littafi namu ma fotokofi ne, yatsa ba ya jin komi a kansa.

Saboda haka ina kawo shawara ga ƙungiyarmu: kowace fitowa, kowa ya karanta rubutunsa da murya mu ajiye, mu kuma riƙe rubutun da aka buga a kwamfuta don mai so. Kafin mu fara, mu nemi ƴan uwanmu ɗalibai makafi su gaya mana yadda suke son a yi. Su suka san inda ke yi musu ƙaiƙayi.