Daga Santo Zuwa Ibro: Tarihin Dodon Da Ke Ba Mu Dariya

Mai karatu, ko ka san sunan da kakanninmu suka fara raɗa wa sinima? Dodon bango. Mutane ne a jikin bango suna motsi, ba jini ba tsoka, to me za a kira su in ba dodanni ba? An buɗe sinimar Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa, domin a lokacin ba mai tunanin shigo da irin wannan abu cikin birni. Ranar 13 ga Mayu, 1951, gobara ta tashi a sinimar El Duniya, mutum 331 suka rasu, jama'ar gari da yawa suka ce ishara ce. A wannan tsakanin ne aka gina Palace a Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, sinima ta farko a cikin badala, aka kuma buɗe ta da jifa da tsinuwa. Daga baya ginin ya koma asibiti.

Wato da tsoro muka fara kallo. Amma a hankali dodon ya zama abin nishaɗi, har ya kai ga muna biyan kuɗi don a tsorata mu, in tsoron bai kamu ba kuma mu kwashe da dariya. Wannan dariyar ce nake so mu bi tarihinta, kuma sai mun tsallaka teku zuwa ƙasar Meksiko kafin mu dawo Ƙofar Wambai.

Ba baƙi ba ne a wurinmu. Ka tambayi duk wanda ya yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon 1980, lokacin da gida ɗaya ke da talabijin a layi, yara su cika tsakar gidan, wa ya sani a kokawar Turawa? Zai lissafa maka Mighty Igor da Bulldog Brower da Argentina Apollo, sannan ya ce da wani mai rufe fuska, Mil Mascaras. Wasannin wata ƙungiyar kokawa ce ta Amurka mai suna IWA, wadda aka kafa a 1975, kuma Mil Mascaras ne zakaranta. Abin da 'yan kallonmu ba su damu da shi ba shi ne, mutumin nan ɗan Meksiko ne, ma'anar sunansa mai fuska dubu, kuma tauraron fim ne. Hasali ma wani furodusa, Luis Enrique Vergara, shi ya fara sa shi a fim, a tsakiyar shekarun 1960.

A Meksiko kokawa sana'a ce babba tun 1933, lokacin da Salvador Lutteroth ya kafa kamfanin shirya wasanni a babban birnin ƙasar. Al'adarsu ita ce ɗan kokawa ya sa wata hula da ke rufe kai da fuska baki ɗaya, sai ƙofar ido da hanci da baki, a ɗaure ta da igiya ta ƙeya. Hular nan ita ce mutuncinsa. Akan sa ta a caca: wanda aka kayar ya cire, ya faɗi sunansa na yanka a gaban jama'a, kuma ba zai sake sa ta ba. Ka ɗauka kamar a tuɓe wa basarake rawani a tsakiyar kasuwa.

Sarkinsu duka shi ne Rodolfo Guzman Huerta, wanda aka haifa a 1917, ya fara wasa da sunan El Santo a 1942. Ma'anar sunan waliyyi, hularsa kuma ruwan azurfa. A 1952 wani mai zane, Jose G. Cruz, ya fara fitar da littattafan labari cikin hotuna da Santo a matsayin jarumi, suka yi ta fita shekara da shekaru. Kun ga ke nan, ku masu karatun littattafai, can ma takarda ce ta share wa fim hanya, kamar yadda aka yi a nan, inda marubuta irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Bala Anas Babinlata suka tsallaka daga littafi zuwa bidiyo.

Finafinansa biyu na farko a ƙasar Kyuba aka ɗauke su a 1958, daf da lokacin da Fidel Castro zai karɓi mulki. Amma kasuwa ba ta buɗe ba sai a farkon shekarun 1960, da fim ɗin da ya kara da gawarwaki masu tafiya, sannan na 1962 inda ya kara da mata masu shan jini. Kafin ya daina, ya fito a finafinai sama da 50.

Bari in ba ka ɗanɗanon na 1962 ɗin. Wasu mata masu shan jini sun farka daga akwatunan gawa bayan dogon barci, suna neman 'yar wani farfesa don ta gaji sarauniyarsu. Farfesa ya rasa yadda zai yi, sai ya kira Santo ta wata na'ura mai nuna hoto. Ga jarumi nan tafe a buɗaɗɗiyar mota, ba riga, sai alkyabba da hular azurfa. Ana tsaka da wannan tashin hankali, sai labari ya tsaya cik, a tafi filin kokawa a yi wasa cikakke. Santo ya kayar da abokin karawa, ya tuɓe masa hula, sai ga fuskar namun daji duk gashi, nan take kuma ya rikiɗa jemage ya tashi. Jemagen kuwa na roba ne, yana lilo kamar an rataye shi a igiyar shanya. A ƙarshe Santo ya bi akwatunan da wuta ya ƙone su ɗaya bayan ɗaya.

A wani fim ɗin na 1972, busassun gawarwakin garin Guanajuato ne suka tashi. Su gawarwakin da gaske akwai su, an tono su daga maƙabarta saboda danginsu sun kasa biyan harajin kabari, aka ajiye su ana kallo. Blue Demon da Mil Mascaras suka yi ta dukan su ba sa mutuwa, sai can wajen ƙarshe Santo ya iso, aka gama da su da bindigogi masu aman wuta. Duk tsawon finafinan nan, jaruman ba sa cire hula: da ita suke cin abinci, da ita suke zance da budurwa, da ita suke sa kwat da lakataye su zauna a ofis, kuma ba wanda ke tambayar dalili.

Me ya kawo wannan salo? Dalili biyu ne. Na farko, a tsakiyar shekarun 1950 hukuma ta hana nuna kokawa a talabijin a birnin Meksiko, hanin da ya kai farkon shekarun 1990. Yaron da ba shi da halin shiga filin wasa, a sinima kaɗai zai ga gwaninsa, shi ya sa ake cusa wasa sukutum a tsakiyar labari. Na biyu, zamanin manyan finafinan ƙasar ya soma gushewa, kuɗi ya ja baya, furodusoshi suka koma yin na sauri masu arha. Masu sharhi suka raɗa wa irin waɗannan suna curo, wato wani soyayyen fulawa da ake sayarwa a bakin titi. Da a nan ne, ƙosai za a ce. Ko kuma, mai karatu, sunan da ka riga ka sani: camama.

To, mu dawo gida. 'Yan kallon Palace da Plaza da Orion da Marhaba sun sha kallon dodanni iri-iri. Indiya ta kawo mana macijiya mai rikiɗa mace a Nagin na 1976, da dodo mai gashi mai sace amare a Jaani Dushman na 1979, ga ɗan kokawarsu Dara Singh da ya yi ta finafinan ƙarfi a shekarun 1960. 'Yan Canis suka kawo nasu gawarwakin masu tsalle da miƙaƙƙun hannuwa. Da bidiyo ya zo, aka yi Turmin Danya a 1990, harkar ta kankama, sai industiri ta rabu gida biyu: 'yan santimental masu soyayya da rawa da waƙa, da 'yan camama masu barkwanci, waɗanda ke gama fim cikin 'yan kwanaki su kai kasuwar Ƙofar Wambai.

A ɓangaren camama ne aljanu da mayu da bokaye suka fi sakewa. Ka tuna yadda ake yi: a shafa wa mutum toka ko farar hoda, a naɗe shi da farin yadi, a sa wa dariyarsa amsa-kuwa. In zai ɓace, a tsayar da kyamara ya fita da ƙafarsa, a ci gaba da ɗauka, har kana ganin inuwar bishiya ta gusa. Da kwamfuta ta samu, sai aka shiga zana wuta tana fita daga tafin hannun boka. Sarkin wannan fage shi ne marigayi Rabilu Musa Ibro, tsohon gandiroba, wanda sunansa kaɗai ke sayar da kaset. Dubi yadda ake sa wa finafinansa suna: Ibro Awilo, Ibro Usama, Ibro Saddam, Ibro Aloko. Haka na Santo suke: Santo da wane, Santo da wance. Jarumi ɗaya ne ba ya canzawa, abin da ake jefa shi ciki ne ke canzawa. Bambancin kawai, Santo kan tunkari dodo ya maƙure shi, Ibro kuwa in ya ga aljani takalminsa ma ba ya tsayawa ɗauka.

Masu ilimi sun raina su duka biyun, kuma da hujja ɗaya: wai ana ganin zaren da ke riƙe da jemage, wai ana gane wanda ke cikin likkafani. Ni kuwa ina ganin sun manta da tashe. In watan azumi ya kai kwana goma, yaran unguwa suka fito da gemun auduga da tumbin tsumma, akwai wanda bai san ɗan gidan wane ba ne? Kowa ya sani, kuma sanin shi ne daɗin. Da za a kawo gemun gaske a manna masa yadda ba za a gane ba, wasan ya mutu. Sharaɗi ɗaya ne: shi mai wasan ya dage, kada ya yi dariya. Santo bai taɓa nuna wa ɗan kallo cewa ya san jemagen roba ne ba. Yana shaƙe shi da iyakar gaskiyarsa. Ɗan kallo na dariya, amma yana ƙaunar mutumin da ya tsaya tsakaninsa da mugu da hannu biyu kawai. Talakan da ya saba ganin mai ƙarfi na cin zali, ya samu mai ƙarfin da ke rama masa. Shi ya sa har a Turkiyya aka yi fim da Santo na jabu a 1973.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kayan aikin duk muna da su. Muna da dambe, da Shago da Ɗandunawa waɗanda labarinsu ya zama kamar almara, da kiɗan Ɗan Anace. Maƙwabtanmu na Nijar suna gasar Takobi ta kokawa tun 1975, ƙasa duka kan tsaya cik saboda ita. Ɗan dambe na shiga fili da layu da guraye da kirari, wato rabin jarumin fim ne tun kafin a kunna kyamara. A littafi, Gandoki na Bello Kagara ya shiga duniyar aljanu tun 1934, ga Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Mutanen Meksiko sun ɗauki gwanin filinsu suka haɗa shi da dodon tatsuniya, mu kuwa muka fi karkata ga lambun furanni na Indiya. Jarumin dambe mai bin mayu unguwa-unguwa, fim bayan fim, har yau yana jiran furodusa.

Sannan ga yadda kowa ya ƙare. Santo ya bar kokawa a 1982. A Janairun 1984 ya ɗaga hularsa na ɗan lokaci a wani shirin talabijin, ranar 5 ga Fabrairu ya mutu, aka binne shi da ita. Haka aka yi wa Blue Demon a shekarar 2000. Yau akwai mutum-mutumin Santo a garinsu Tulancingo, ana gyara finafinansa ana nuna su a bukukuwan fim, kuma a 2018 birnin Meksiko ya sa kokawar cikin kayan gadon al'adunsa. Ƙosan bakin titi ya shiga gidan tarihi. Namu Ibron kuwa, kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure shi a 2008 saboda Ibro Aloko, ya rasu a Disambar 2014, Allah ya jiƙansa. Kasuwar kaset da faifai ta mutu, kallo ya koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, finafinan camama na farko kuwa sai guntaye masu dishi-dishi da wani ya ɗora.

Kada ka ce ai shirme ne, ba asara. A cikin shirmen nan akwai Kano ta wancan lokaci: lungunanta, suturarta, karin maganarta, abin da ke ba ta tsoro da abin da ke ba ta dariya. Kuma kaset ba ya jiran kowa, zafi da ƙura da laima suna cin sa. Shaihu Umar na Adamu Halilu, babban fim na 1976, sai da ya ɓace shekaru, aka tsinto shi a wani ɗakin ajiya a 2016, Jamusawa suka taimaka aka gyara, aka nuna shi a bikin fim na Berlin a 2018. In fim ɗin da aka ɗauko daga littafin Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sha da ƙyar, wa zai nemo na Ibro da Kulu da Yautai?

Saboda haka, mai karatu, in akwai kwalin tsofaffin kaset a ƙarƙashin gadon gidanku, kada ka bari a ba 'yan gwangwan. Ka kakkaɓe shi, ka nemi mai na'ura ya juye maka a kwamfuta, ka rubuta sunan fim da na kamfani a jiki. Su kuma Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos, ya kamata su buɗe ƙofa su karɓi irin waɗannan, har da wanda ake hango ƙafar aljaninsa sanye da silifas.