Libar da ba a san aikinta ba: tarihin ƙaramar giya a tsofaffin taraktoci

A gonakin Gwagwalada, Kuje, Kwali da Abaji har yau akwai tsofaffin taraktocin da suka girmi Abuja, wadda aka kafa da doka a 1976. Wasunsu na ɗauke da wata liba ta daban wadda direba bai san aikinta ba, bakanike kuma sai ya ce a ɗaure ta da waya a huta. Sau da yawa libar ta wata ƙaramar giya ce da aka ƙara wa babbar, kuma tana da tarihi.

Tarakta ta fara aiki gadan-gadan a Arewa ne da shirin noma na Mokwa, daga 1949 zuwa 1954, wanda bai yi nasara ba. Yawaitarta ta zo da shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo a 1976 da shirin bunƙasa noma na Shagari a 1980. A zamanin ana haɗa Steyr a Bauchi, ana haɗa Fiat a kamfanin NTM na Kano, ga Massey Ferguson da ake shigowa da ita. Daga baya 'yan kasuwa suka riƙa kawo na hannu daga Turai, kowace da gyare-gyaren da masu ita na farko suka yi mata, ba tare da takarda ba.

Asalin ƙarin giya daga waje ne. Ford 9N da ta fito a Amurka a 1939 giya uku kacal gare ta ta gaba: ba ta da gudu a kan hanya, ba ta kuma iya tafiyar hawainiya a gona. Sai kamfanin Sherman ya ƙera ƙaramar giya da ake sakawa tsakanin kuloci da babbar giya, wata ta ƙara gudu, wata ta rage, wata ta haɗa duka. A Ingila kuma, inda aka ƙera Ferguson TE20 a Coventry daga 1946 zuwa 1956, kamfanin Howard ya yi tasa giyar ta rage gudu, domin injinsa na marmashe ƙasa yana bukatar tarakta ta tafi sannu alhali wuƙaƙensa na juyawa da sauri. A 1962 Massey Ferguson ta fito da Multi-Power, wadda ake sauyawa ana cikin tafiya ba a taka kuloci ba.

To yaya za a gane wadda ke jikin taraktarka? Da farko ƙirga libobin. Massey Ferguson 35 da 135 da liba biyu suka zo daga kamfani, ta giya da ta babban gudu da ƙarami, wato giya 6 gaba, 2 baya. Ta uku ce abin bincike. Idan ƙarama ce a gaban direba kusa da sitiyari, kuma tana sauya gudu ba tare da kuloci ba, Multi-Power ce, mai mayar da giyar 12 gaba, 4 baya.

Idan kuwa a jikin akwatin giya take, gwada ta da sandar nan mai juyawa a bayan tarakta, wadda makanikai ke kira PTO. A tsayar da tarakta a fili, a bar injin a gudu ɗaya, a taka kuloci a sauya libar. Idan juyin sandar ya sauya, giyar a gaban babbar take, irin tsarin Sherman. Idan bai sauya ba amma tafiya ta koma rarrafe, a bayanta take, irin na Howard. Sannan a wanke maiƙo da dauɗa, a karanta lambobin da ke jikin ƙarfen da lambar taraktar, a ɗauki hotonsu kafin a kwance ko noti ɗaya.

Rashin sanin wannan yana da tsada. Giyar Howard ba a yi ta don jan kaya mai nauyi ba. Aka matsa mata, haƙoranta sukan karye, samun wasu kuwa sai an sha wuya. Multi-Power kuma idan tana ƙaramin gudu injin ba ya riƙe tarakta a gangara. Direban da ya ɗauko tirela cike da doya ko masara ya gangaro a haka, birki kaɗai ya rage masa. Irin wannan tarakta ba ta tashi da turi, don haka kada a yanke mata hukuncin mutuwa a kai ta fanteka ta Dei-Dei saboda an tura ta ta ƙi tashi.

Akwai kuma hanyar da ta fi lamba sauƙi: tsofaffin direbobi da makanikan ma'aikatun gona na jihohi, waɗanda suka yi aiki da injinan nan tun suna sababbi. Wanda ke da irinsu a unguwarsa ya kai musu hoton, ya zauna ya saurara, ya rubuta abin da suka faɗa ya ajiye tare da takardun taraktar, domin wanda zai gaje ta.

Allah Ya kiyaye direbobinmu, Ya ba mu damina mai albarka.