Takardar Auren Matan Masar A Hannun Girkawa Da Rumawa

Mu dai da an ce Masar, abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne Fir'auna da Annabi Musa (AS), sai kuma Jami'ar Azhar. Amma tsakanin ƙarshen mulkin Fir'aunoni da zuwan Musulunci akwai shekaru kusan dubu da ba a cika ba mu labarinsu ba. A shekara ta 332 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Iskandar sarkin Makadoniya ya shiga Masar. Bayan rasuwarsa wani kwamandansa Batlimus ya riƙe ƙasar, zuriyarsa Girkawa suka yi ta mulki kusan shekara 300, har kan Kilyobatra wadda ta mutu a shekara ta 30 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga nan Rumawa suka karɓa.

Ni ba yaƙe-yaƙensu ne suka ja hankalina ba, takardar aure ce.

Tun kafin baƙi su zo, macen Masar tana mallakar gona da gida, ta saya ta sayar, ta kai ƙara gaban alƙali da bakinta. In za a yi aure, sau da yawa akan rubuta yarjejeniya a kan wata takarda da ake yi da ciyawar bakin kogin Nilu. A ciki ake jera kayan da amarya ta shigo da su: tufafi, madubi, kwanonin tagulla, 'yan kunne, kowanne da kuɗinsa a gefe. Miji ya ɗauki alkawarin hatsi da kuɗin sutura duk shekara, in kuwa rabuwa ta zo, ya mayar mata da kayanta ko ƙimarsu cif. Ki duba fa 'yar'uwa, yau mata nawa ne aka sayar musu da kayan ɗaki lokacin da maigida ya shiga matsi, ranar da aka saki su suka fito da buhun tsummokara kawai, babu shaida babu rubutu?

Su kuwa Girkawa da tasu al'adar suka zo. A wurinsu mace ba ta ƙulla wata hulɗar kuɗi sai da namiji majiɓinci a gefenta, uba ko miji ko wa. Sai dai kada mu zalunce su. An tono wata takardar aurensu ta shekarar 311 kafin haihuwar Annabi Isa a tsibirin Ilifantin kusa da Aswan, auren Hiraklidis da Dimitiriya. Ta shigo da tufafi da kayan ado na dirakma 1000, kuɗin Girkawa na azurfa. An rubuta cewa ba zai kawo mata wata mace gidan ba, ba zai haihu da wata ba. In ya saɓa, ya mayar da dubunta ya ƙara wata dubun. Ita ma in ta ci amanarsa ta rasa duk abin da ta kawo. Na san wasu a cikinku sun fara murmushi.

To da dokoki biyu suka haɗu a ƙasa ɗaya, sai mata masu wayo suka gane hanya. A shekarar 118 kafin haihuwar Annabi Isa sarki ya zartar cewa in rigima ta taso tsakanin Bagirke da Bamasare, harshen da aka rubuta takardar da shi ne zai nuna kotun da za a je. Ke nan wadda ta sa aka rubuta mata da harshen Masar ba ta neman wani namiji ya tsaya mata. Akwai wata mata a garin Fatiris, kudu da Luksor, matar wani hafsan sojan doki mai suna Diriton, uwar 'ya'ya mata biyar. Sunanta biyu: Abuloniya na Girkawa, Sanmuntis na Masarawa. Tana ba da rancen hatsi da kuɗi, takardunta wasu da Girkanci, wasu da harshen iyayenta.

Zamanin Rumawa akwai abin da ya sosa mini rai. A jujin tsohon garin Bahnasa, inda Turawan Ingila biyu suka fara tono a ƙarshen ƙarni na 19, an samu wasiƙar wani Hilariyon da ya tafi neman kuɗi Iskandariya, shekara ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa. Ya lallashi matarsa Alis da daɗin baki, ya ce ba zai manta da ita ba, da an biya shi zai aiko. A cikin wasiƙar kuma ya ce in abin da aka haifa namiji ne a bar shi, in mace ce a yar. Subhanallahi! Alhali marubutan Girka da kansu sun yi mamakin Masarawa, don su duk ɗan da suka haifa rainonsa suke yi.

A shekara ta 212 bayan haihuwar Annabi Isa aka mai da kusan duk 'yantattun daular 'yan ƙasar Rum, dokar majiɓinci irin ta Rumawa ta hau kan matan Masar. Amma tana da ƙofa: 'yantacciyar da ta haifi 'ya'ya uku ta fita daga hannun majiɓinci. A shekarar 263 wata mata 'yar Bahnasa, Awreliya Taisus, wadda ake kira Loliyani, ta aika wa gwamnan Masar takarda. Ta ce tana da 'ya'yan da doka ta nema, don haka a ajiye takardarta a ofishinsa, kada wani ya tare ta ranar da za ta saya ko ta sayar. Sannan ta ƙara da abin da dokar ba ta ma tambaye ta ba, ta ce ita fa ta iya rubutu da hannunta.